Tsarin Mulki da Rabon Iko a Nijeriya

Kundin tsarin mulki shi ne babbar dokar ƙasa. Duk dokar da ta saɓa masa ba ta da ƙarfi. Wanda Nijeriya ke bi yanzu ya fara aiki ranar 29 ga Mayu, 1999, lokacin da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Da shugaba da talaka duk suna ƙarƙashinsa.

Kundin ya raba iko gida uku, don kada ya taru a hannun mutum ɗaya.

Na farko, Majalisar Dokoki ta Tarayya, mai yin doka da amincewa da kasafin kuɗi. Tana da zaure biyu. Majalisar Dattawa na da sanatoci 109: uku daga kowace jiha, ɗaya daga Abuja. Majalisar Wakilai kuwa tana da mutum 360.

Na biyu, ɓangaren zartarwa, wato shugaban ƙasa da ministocinsa, masu aiwatar da doka. Wa'adin shugaba shekara 4 ne, kuma ba a zaɓensa fiye da sau biyu.

Na uku, kotuna, masu fassara doka da raba gardama. Kotun Ƙoli ce ke da maganar ƙarshe.

Kowane ɓangare yana taka wa ɗan'uwansa burki. Shugaba ba ya naɗa minista sai Majalisar Dattawa ta yarda. Idan ya ƙi sa hannu a kan ƙudurin doka cikin kwana 30, kashi biyu bisa uku na kowane zaure na iya mayar da shi doka. Kotu kuma tana iya soke dokar da ta saɓa wa kundin.

An kuma raba aiki tsakanin tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Soja da buga kuɗi na tarayya ne kaɗai.

Babi na huɗu na kundin ya jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa: rayuwa, mutunci, addini, faɗin ra'ayi, taro, da zama a duk jihar da mutum ya so. Wanda aka kama yana iya yin shiru har sai ya ga lauya. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a kusa.

Wanda aka tauye wa haƙƙi yana iya kai ƙara Babbar Kotun jihar da abin ya faru. Wanda ya san haƙƙinsa ba a saurin zaluntarsa.