Filin Inna: Wuƙar Amurka a Ƙugun Ɗan Kabu-kabu

Ɗana mai shekara 19 yana kabu-kabu tsakanin Tsamiya da Segbana ta Jamhuriyar Benin. Kwanan baya ya dawo da wata zungureriyar wuƙa a kube, an buga mata Ka-Bar, wai ta sojan Amurka ce. Kullum tana ƙugunsa, har wurin biki. Na yi magana, ya ce tsaron kansa yake yi. Barci ya ƙaurace mini.
— Uwa mai damuwa, Tsamiya

Ƙanwata, Allah ya kwantar miki da hankali. Yaronki bai yi ƙarya ba kan asalin wuƙar, kuma asalin nan shi ne abin tsoro. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka masu kai farmaki ta ruwa suka karɓi Ka-Bar. Ruwanta inci 7 ne, mariƙinta fata ce da aka jera zobe-zobe don kada ta zame a hannu. Ta gaji siffar bakinta daga wuƙar Bowie, wadda ta samu suna daga Jim Bowie bayan wani mummunan faɗa a kan yashin kogin Misisipi a 1827. Ke nan zuriyar faɗa ce. Duk jami'in kwastan ko ɗan sandan da ya tsare shi a shingen bincike, makami zai gani, ko ta gaske ce ko jabu. Saurayi kuma in yana da ƙarfe a ƙugu, gardamar kuɗin fasinja ma tana iya zama abin da-na-sani.

Kada ki yi masa faɗa a gaban abokansa. Tsoron hanya da yake ji gaskiya ne, ki fara amsa masa wannan. Ki sa kawunsa ya zaunar da shi, ya tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna wa ɗan'uwansa makami. Su yi yarjejeniya: ba tafiyar dare, ba bin hanyar daji shi kaɗai, ya riƙa tafiya tare da 'yan ƙungiyarsu. In kuwa ƙirar Amurka ce ke burge shi, akwai wadda ta dace da sana'arsa. A 1983 wani mai suna Tim Leatherman ya fito da filaya mai naɗewa, a cikinta akwai sukudireba da ƙaramar wuƙa. Irinta za ta gyara masa babur a tsakiyar hanya. Ka-Bar ɗin a ajiye ta gida, ta yi aikin Layya.

Inna, ni mahauci ne. Wani abokina ya zo da wuƙa daga Kwatano mai suna Buck 110, yana son kuɗin da ya kusa na akuya. In saya don fiɗa, ko in zauna da ta maƙerinmu?
— Mahauci, Ka'oje

Ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Buck 110 wuƙa ce mai daraja. Ta shiga kasuwa a 1964, tana naɗewa, mariƙinta katako ne da tagulla a kai da gindi, kuma in an buɗe ta akwai makulli a bayanta da ke hana ta rufewa a kan yatsa. Wannan dabara ta sa masana'antu da yawa suka kwaikwaye ta, shi ya sa jabunta ya cika kasuwa. Ka buɗe ta ka girgiza: in ruwan yana rawa, ko makullin yana saki da ɗan dannawa, ka mayar masa.

Amma ko ta gaske ce, don maharbi aka yi ta, wanda zai feɗe barewa ɗaya ya naɗe ya sa a aljihu. Ruwanta bai kai inci 4 ba. Kai kuwa kullum hannunka cikin jini da kitse yake, kuma mahaɗin wuƙa mai naɗewa yana tara ƙazantar da wanki ba ya kaiwa, ta ɓata nama.

Kada ka raina maƙerinku. Sifirin motar da yake gasawa a wuta ya buge, ɗan'uwan ƙarfen Ka-Bar ne: yana ɗaukar kaifi da wuri a kan dutse, aibinsa tsatsa kawai. Ka wanke, ka goge ta bushe, ka shafa mata mai. Da rabin kuɗin nan za ka sa ya ƙera maka ta yanka daban, ta fiɗa daban, daidai hannunka, ragowar ka ƙara a jari. In ta dakushe, mai gyaran yana nan garinku.