Darasi: tufafin lakwal iri ɗaya, wa zai biya?



Darasinmu na wannan karo a kan tufafin ƴan lakwal ne. Wanda ya kwana Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, da safe ya ga ƴan kolej da ƴan lise suna wucewa, rigunansu iri ɗaya. A ƙauye kuwa, yawancin yara da tufafinsu na gida suke shiga aji. To, ga tambaya: ya kamata a tilasta wa kowane yaro na lakwal ɗin gwamnati ya sa tufafi iri ɗaya? Maganar ta shafi rumbun uba. Ta shafi zaman yaro cikin aji. Shi ya sa muka kawo ta.

Masu son a tilasta suna da hujja. Sun ce in riga ɗaya ce, ba a gane ɗan attajiri da ɗan talaka. Yaron da rigarsa ta yage ba zai laɓe bayan aji don kunya ba. Sun ce kuma in aka ga yaro da rigar lakwal a tasha ko kasuwa da hantsi, kowa ya san ya gudo ne, sai a maida shi. Wannan gaskiya ne.

Amma riga ba ta faɗowa daga sama. Akwai yadi, akwai ɗinkin tela. Kuma ana komawa lakwal a watan Oktoba, daidai lokacin da ake shigar da hatsi. Kun fi kowa sani, lokacin nan ne kuɗin hatsi yake faɗuwa a kasuwa. Uban da ba shi da kuɗi a hannu, sai ya buɗe rumbu ya saida da araha. Bayan haka yaro yana girma, rigar bana ba ta shigarsa baɗi. In kuma riga guda ce tak, ranar da aka wanke ta ba ta bushe ba, ina yaro zai nufa? Ga sabulu, ga ruwa a garin da rijiya take da nisa. Uwa ce ke ɗaukar wannan wahala, kuma ba a cika tambayarta ba in ana shawara.

Bari mu duba abin da ya faru a ƙasar Kenya, can gabashin Afirka, don a can an gwada, an ƙirga.

A shekarar 2003 gwamnatin Kenya ta soke kuɗin shiga makarantar firamare. Yara suka cika azuzuwa. Amma rigar lakwal ta rage a wuyan iyaye, kuma ita ce ta zama babban abin biya. Kuɗinta ya kai wajen dalar Amurka 6. Ga mai albashi ba wani abu ba ne. Ga manomi mai ɗiya da yawa, kuɗi ne.

Sai waɗansu masana uku, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer, suka yi bincike a makarantu 328 na yammacin ƙasar. An raba makarantun da ƙuri'a, don kada a ce an yi son kai. A waɗansu aka ba ƴan aji 6 riga kyauta, bayan shekara ɗaya da rabi aka ƙara masu wata. A waɗansu ba a ba da kome ba. Aka jira shekara 3, sa'an nan aka ƙirga.

Ga abin da aka samu. Inda ba a ba da riga ba, cikin ɗiya mata 100, wajen 19 sun bar karatu. Inda aka ba da, 16 ne. Cikin ɗiya maza 100, an sauko daga 13 zuwa 10. Wani abu kuma da ya fi jan hankali: yawan ƴan mata da suka ɗauki ciki da ƙuruciya ya ragu, daga 16 zuwa 13 cikin 100. Yarinyar da ta daɗe a aji, aurenta da haihuwarta sukan jinkirta har jikinta ya yi ƙwari. Biyu daga cikin masanan nan, Duflo da Kremer, sun samu babbar kyautar Nobel a 2019 saboda irin wannan aiki.

Ku lura da kyau. Ba rigar ce ta riƙe yaran a lakwal ba. Sauke wa iyaye nauyin sayenta ne ya riƙe su. Wato kafin nan, akwai yaran da rashin riga kaɗai ya zaunar da su gida. Kuma riga ba ta sa karatu cikin kai. Wannan aikin mushe ne, da littafi, da allo, da cikin da ba ya jin yunwa.

Ƙasashen kusa da mu sun gane da haka. Ghana ta fara raba tufafin lakwal kyauta ga ɗiyan talakawa a 2009. A 2021 gwamnatin Senegal ta yi shelar ware sefa miliyar 10 a shekara don ɗinka wa ƴan lakwal tufafi, ta ce telolin ƙasa za a ba aikin. Burkina Faso kuma, a 2023, ta ɗauki niyyar ƴan lakwal su riƙa sa saƙin gida da ake kira Faso Dan Fani, wanda Thomas Sankara ya ɗaukaka a zamaninsa, don masaƙa su samu kasuwa.

A ganinmu, in gari ya so tufafi iri ɗaya, kada a yanke a ofis a aiko. A tara kwamitin kula da lakwal, wanda kuka sani da sunan COGES, da ƙungiyar iyaye, da uwaye mata, da mai gari. A zaɓi yadi mai ƙwari, mai araha, wanda ba ya nuna dauɗa da wuri. A sayo shi a dunƙule, a ba telan gari. A yi wa riga ɗan yalwa don ta kai shekara 2, ƙane ya gaji ta wa. A ba iyaye lokaci har kuɗin hatsi da wake su tashi. Marayu da marasa hali, asusun kwamiti ya ɗauke su. Abu guda ne muke roƙo da babbar murya: kada direktan lakwal ya kori yaro daga aji don ba shi da riga. A Nijar, dokar da aka sa wa hannu a watan Disamba 2017 ta ce a kiyaye karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16. In aka kori yara saboda riga, a gida da yawa ita za a fara zaunarwa.

Aikin lissafi. Misali ne, ku sa farashin kasuwarku.

Wani uba yana da ɗiya 4 a lakwal. Yadin kowane yaro jika 2, ɗinki jika 1. Jika nawa zai biya duka? In tiyar hatsi dala 100 ce, tiya nawa zai saida? Ku tuna, jika 1 dala 200 ce.

Tambayoyi don muhawara:

1. A garinku, yara nawa ne ba su koma lakwal bana ba? Me ya hana su?
2. Telolin garinku za su iya ɗinka wa yara duka cikin wata guda?
3. Wa zai riƙe asusun marayu, kuma yaya za a riƙa faɗa wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita?

Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malamin makarantarku ya aiko mana.