Murya da Tazara: Yadda Wasannin Kwamfuta Ke Kwaikwayon Kunne

Idan mai shela ya tsaya a bakin kasuwar Kankiya, na kusa da shi za su ji kowace kalma, na nesa kuwa sai dai amo. Dalili shi ne sauti yana bazuwa ta kowace fuska. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfinsa yakan koma kashi 1 cikin 4, wato ya ragu da kimanin desibel 6.

Wannan ƙa'idar ce ake kwaikwayo a wasannin intanet irin su GTA V, inda wani kan fito a matsayin direba, wani ɗan kasuwa. Manhaja takan lissafa tazarar 'yan wasa, ta rage muryar na nesa, ta kai ta kunnen dama ko na hagu. In babu wannan tsari, sai kowa ya ji kowa, wasan ya koma hayaniya.

Wajen zaɓen manhaja, abu biyu ne abin lura. Na farko jinkiri: in ya wuce milisakan 150, hira takan fara sarƙewa. Na biyu cin data, musamman ga ɗalibin da ke wasa da datar waya daga Kusada. Mumble, wadda ta fito a 2005, kyauta ce, kuma tana matse murya da tsarin Opus mai tsimin data.

Malami na iya gwada ƙa'idar a filin makaranta da ma'aunin sauti na waya, a tazarar mita 1 da 2 da 4.