Darasi na 14: A Saya Yanzu, Ko a Jira Sabuwa?

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ka iya bayyana dalilan da ke sa mutum ya sayi kwamfuta nan take ko ya dakata, ka iya amfani da sababbin kalmomi na ciniki da fasaha, ka kuma iya gina jimlolin sharaɗi da na kwatantawa.

Karatu

Ɗalibi, ƙaddara cewa mahaifinka ya daɗe yana tara kuɗi domin ya saya wa gidanku kwamfutar tebur, wato irin wadda ake girkewa wuri ɗaya, mai akwati da allo da madannai da linzami. Ranar da kuɗin suka cika, sai wani maƙwabci ya ce masa, "Malam, kada ka yi gaggawa. Na ji an ce sabon samfuri yana nan tafe, kuma ya fi na yanzu sauri nesa ba kusa ba." Jikin mahaifinka ya yi sanyi. Tunda kai ne kake koyon kwamfuta a makaranta, sai ya dube ka ya ce, "To, ɗana, kai me ka gani?"

Wace amsa za ka ba shi? Kada ka raina tambayar. Kuɗin gumi ne na watanni masu yawa, kuma in an yi kuskure ba a mayar da su cikin sauƙi.

Me Ya Sa Sabuwa Ba Ta Ƙarewa?

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, maƙwabcin nan bai yi ƙarya ba. Sabon samfuri yana tafe. Sai dai ko da yaushe ma yana tafe.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙanƙanin abu da yake yin dukkan lissafi, wanda za mu kira ƙwaƙwalwar kwamfuta. An gina shi da wasu mitsi-mitsin makunnai da ake kira tiransisto. A shekarar 1965, wani masani ɗan Amurka mai suna Gordon Moore ya lura cewa yawan waɗannan abubuwa da ake iya zubawa a kan guntu ɗaya yana ninkawa a kowace shekara. A 1975 ya gyara hasashensa, ya ce ninkin zai riƙa faruwa duk bayan shekara biyu. Ƙwaƙwalwar da kamfanin Intel ya fitar a 1971, mai lamba 4004, tana da tiransisto wajen 2,300. Ta yau tana ɗauke da biliyoyi.

Saboda haka, duk kwamfutar da ka ga tana ƙyalli a shago yau, an riga an fara ƙera wadda za ta gaje ta. Wanda ya ce ba zai saya ba sai ta ƙarshe ta fito, ya shiga jiran gawon shanu.

Su ma kamfanonin sun san cewa labarin sabuwa yana kashe kasuwar tsohuwa. A 1983, kamfanin Osborne na Amurka ya yi shelar sabon samfurinsa tun bai shirya ba. Masu saye suka janye jiki daga tsohon. Wannan ya haɗu da wasu matsalolin kamfanin, kafin shekarar ta ƙare ya durƙushe. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke ɓoye ranar fitowar kayansu har sai ta matso. Yawancin abin da kake ji a bakin mutane kafin nan jita-jita ce kawai.

Ke nan tambayar "Shin akwai wadda ta fi wannan a hanya?" ba ta da amfani, domin amsarta kullum "i" ce. Ga tambayoyi huɗu da suka fi ta amfani.

Tambaya ta Farko: Wane Aiki Za Ta Yi?

Idan aikin bai wuce buga takardu, lissafin kuɗin shago, neman bayani a intanet da koyon karatu ba, kwamfutar da aka ƙera shekara biyu ko uku da suka wuce za ta yi shi ba tare da ta gaji ba. Ƙarin saurin da sabon samfuri zai kawo, da wuya mai buga wasiƙa ya ga bambancinsa. Amma mai tace bidiyo ko mai zanen gine-gine, wanda yake zaman jiran kwamfutarsa ta kammala aiki ɗaya na tsawon sa'a guda, shi kam ƙarin saurin kuɗi ne a wurinsa. Fara sanin nauyin kayanka kafin ka zaɓi jakin da zai ɗauka.

Tambaya ta Biyu: Nawa Jiran Zai Ci?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa jira kyauta ne, tunda kuɗin suna nan a aljihu. Ba haka ba ne. Bari mu yi lissafi. A ce wata mata tana da shagon buga takardu kusa da wata jami'a, tana samun ribar naira 5,000 a kowace rana, tana kuma buɗe shago kwana 26 a wata. Sai kwamfutarta ta mutu. Idan ta yanke shawarar jiran sabon samfuri na wata uku, ta yi asarar naira 390,000. Ban da wannan, abokan cinikinta za su koma shagon gaba, kuma ba lallai ne su dawo ba.

Ba kuɗi kaɗai ake asara ba, har da lokaci. Ka san cewa tun daga 2015 hukumar JAMB take gudanar da jarrabawar shiga manyan makarantu a kan kwamfuta. Ɗalibin da jarrabawarsa ta rage wata huɗu, kuma hannunsa bai saba da madannai da linzami ba, kowane mako na jira ragi ne daga lokacin atisayensa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya ta Uku: Jiran Har Zuwa Yaushe?

Akwai bambanci tsakanin "an ce tana zuwa" da "kamfanin ya sanar da ranar fitowarta". Ko da an sa rana, ka tuna cewa ranar ta kasuwannin Amurka da Turai da Asiya ce. Kafin kayan su iso kasuwar Computer Village da ke Ikeja, su kuma bazu zuwa sauran garuruwa, za a iya ƙara makonni ko watanni. Idan sun iso, farashinsu na farko shi ne mafi tsada. Wani lokaci kuma rukunin farko yakan zo da ƴan matsalolin da ba a gano ba sai mutane sun fara aiki da shi.

Tambaya ta Huɗu: Ina Darajar Kuɗinka?

Wannan tambaya ta fi shafar mu a Nijeriya. Yawancin kwamfutoci da kayan haɗa su daga waje ake shigo da su, da dala kuma ake biya. A farkon watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma. A watan ne aka sauya tsarin canjin kuɗi, kuma zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Wanda ya ajiye nairarsa a wancan lokaci yana jiran sabon samfuri, ya wayi gari kuɗinsa ba su isa sayen tsohon ba ma. Gaskiya ne naira takan farfaɗo wani lokaci, amma ba wanda zai iya yi maka alkawarin yadda za ta kasance bayan wata shida.

Yaushe Jira Ya Fi?

Kada ka fahimci cewa gaggawa ce kullum daidai, domin sauri ya haifi nawa. Jira yana da riba idan abubuwa uku suka haɗu: kana da kwamfutar da take yi maka aiki yanzu, kamfanin da kansa ya sanar da lokacin fitowar sabuwar kuma lokacin ya kusa, sannan canjin da take tafe da shi babba ne.

Ga misali. A watan Yunin 2020, kamfanin Apple ya sanar cewa zai daina amfani da ƙwaƙwalwar Intel a kwamfutocinsa, ya koma ƙera tasa, kuma na farko za su fito kafin ƙarshen shekarar. A watan Nuwamba suka fito, har da ƴar kwamfutar tebur da ake kira Mac mini. Wanda tsohuwarsa take aiki, ya yi haƙurin wata biyar ɗin nan, ya ci ribar haƙurinsa. Jira yana da wata ribar kuma: idan sabuwa ta shigo, ƴan kasuwa sukan rage kuɗin tsohuwar don su rabu da ita.

Akwai kuma gargaɗi ga mai saye yanzu. "Saya yanzu" ba ya nufin "sayi kowace". Manhajar Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, ba ta hawa kan tsofaffin kwamfutoci da yawa. Kamfanin Microsoft kuma ya dakatar da tallafin da ya saba ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Don haka, idan aka nuna maka kwamfuta ta hannu mai araha, ka tambaya ko tana ɗaukar manhajar zamani. Araha ba ta ado.

Hanya ta Uku

Kwamfutar tebur tana da wata falala da yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su da ita: ana iya buɗe akwatinta a canja kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. Ana iya ƙara mata ma'adanar wucin gadi, wadda ake kira RAM. Ana iya cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa na zamani, wato SSD, wanda ya fi shi sauri ƙwarai. Allo da madannai kuwa sukan yi shekaru ba a taɓa su ba. Ke nan mutum zai iya sayen matsakaiciya yau, ya riƙa ƙara mata ƙarfi a hankali. Kada kuma a zuba duk kuɗin a kan kwamfutar, a manta da na'urar ajiyar wuta da ake kira UPS. Kwamfutar tebur ba ta da batir, da an ɗauke wuta sai ta mutu tare da aikin da ba a adana ba.

Yanzu koma ga mahaifinka. Gidanku ba shi da kwamfuta, jarrabawarka tana matsowa, maƙwabcin kuma bai san ranar fitowar sabuwar ba. Cikin ladabi za ka iya cewa, "Baba, a ganina gara mu saya yanzu, mu zaɓi mai garanti wadda za a iya ƙara wa kaya nan gaba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Ma'anar Kalmomi

samfuri: nau'in kaya da kamfani ya ƙera a wani lokaci
girke: kafa abu wuri ɗaya
hasashe: faɗin abin da ake zaton zai faru
durƙushe: kasa ci gaba da aiki saboda asara
jita-jita: labarin da ba a tabbatar da shi ba
atisaye: maimaita aiki domin a ƙware
farfaɗo: sake samun ƙarfi bayan rauni
falala: wani alheri da abu ya keɓanta da shi

Tambayoyi

1. Mene ne Gordon Moore ya lura da shi a 1965?
2. Me ya sa kamfanoni da yawa suke ɓoye ranar fitowar sabon samfuri?
3. Idan mai shagon nan ta jira wata biyu maimakon uku, nawa za ta yi asara?
4. Yaya canjin kuɗi yake shafar farashin kwamfuta a Nijeriya?
5. Kawo sharuɗɗa uku da ke sa jira ya zama mai riba.
6. A ce gidanku yana da kwamfuta mai aiki, kuma sabuwar za ta fito bayan mako uku. Wace shawara za ka ba mahaifinka? Kawo dalili.

Nahawu: Sharaɗi da Kwatantawa

Ana amfani da "idan" ko "in" ga abin da zai iya faruwa:
Idan farashi ya sauka, za mu saya.

Ana amfani da "da ... da" ga abin da ya riga ya wuce bai faru ba:
Da ta saya bara, da ba ta yi asara ba.

Ana kwatanta abu biyu da aikatau "fi":
Sabuwar ta fi tsohuwar tsada.

Ana nuna zaɓi da "da ... gara":
Da jiran shekara guda, gara mu saya yanzu.

Cike gurbi da kalmar da ta dace:
1. ______ kuɗin sun cika, Baba zai je kasuwa.
2. ______ na sani, ______ ban saurari jita-jita ba.
3. SSD ya ______ tsohon faifai sauri.
4. Da zaman banza, ______ aikin kishiya.

Karin Magana

Bayyana ma'anar waɗannan, ka kuma faɗi wanne ne yake goyon bayan jira, wanne ne yake goyon bayan saye:
1. Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.
2. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.
3. Sauri ya haifi nawa.
4. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.

Jinga

Ziyarci wani shagon sayar da kwamfuta a garinku, ka tambayi farashin kwamfutar tebur sabuwa da ta hannu. Daga nan ka rubuta wa kawunka wasiƙa mai kalmomi 150 da Hausa, ka ba shi shawarar ya saya yanzu ko ya jira. Yi amfani da jimlolin sharaɗi guda uku da karin magana ɗaya.