Amsoshin Tambayoyinku: Yaƙe-yaƙen Libiya da Ƙasashen Waje

Malam Sani daga Goronyo, jihar Sakkwato, yana tambaya: waɗanne ƙasashe ne mutanen Libiya suka gwabza da su?

Mun gode, Malam Sani. A 1911 Italiya ta afka wa Libiya, ta ƙwace ta daga hannun Turkawa. Umar Mukhtar, malamin ɗariƙar Sanusiyya, ya yi kusan shekara 20 yana yaƙar Italiyawa, har suka rataye shi a 1931. Sanusiyyar nan ce ta mara wa Kawsan, jagoran Abzinawa, baya da ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas a 1916. A 1986 Amurka ta yi wa Tarabulus ruwan bama-bamai. A 2011 kuma jiragen NATO suka taimaka aka kifar da shugaban Libiya Gaddafi, makamansa suka bazu a Sahel.