Ɗaukewar Numfashi Cikin Barci Ba Tare da Minshari Ba: Gudummawar Likitan Haƙori

Gabatarwa

Hausawa kan ce barci ƙanen mutuwa ne. Ga wasu mutane wannan magana ta wuce azanci, domin numfashinsu yakan tsaya cik sau da dama a dare guda ba tare da sun sani ba. Masana suna kiran wannan larura afniya, kalmar da aka aro daga Girkanci mai ma'anar rashin numfashi. Jama'a da dama sun ɗauka cewa mai minshari mai ƙarfi kaɗai ke fama da ita. Gaskiya ne mafi yawan masu larurar suna minshari, amma akwai waɗanda barcinsu shiru ne, alhali jininsu yana rasa iskar oksijin kowane dare. Irin waɗannan su suka fi daɗewa ba a gano su ba. Wannan darasi zai bayyana yadda hakan ke faruwa, da kuma yadda likitan haƙori yake taimakawa wajen magani.

Hanyar da Iska Ke Bi

Ɗaliban da suka yi nazarin furucin Hausa sun san gaɓoɓin da za a ambata a nan. Rufin baki ya kasu biyu: ganɗa mai ƙashi a gaba, da hanɗa mai taushi a baya, wadda belu ke reto a ƙarshenta. Iskar da aka shaƙa ta hanci tana bi ta bayan hanɗa, ta wuce bayan tushen harshe, ta shiga maƙwallato, sannan ta gangara huhu. Hanci yana da ƙashi da guringuntsi, bututun da ke kai iska huhu shi ma yana da zobban guringuntsi da ke riƙe shi a buɗe. Amma sashen da ke tsakaninsu, wato maƙogwaro, tsoka ce da nama zalla. Abin da ke riƙe shi a buɗe shi ne ƙarfin tsokoki, kuma mafi muhimmanci a cikinsu ita ce babbar tsokar harshe, wadda tushenta ke manne da ƙashin haɓa ta ciki.

Idan mutum ya yi barci tsokoki sukan saki. Ga mai yalwar maƙogwaro wannan ba ya jawo komai. Ga wanda nasa ke da ƙunci kuwa, ko don kitse ya taru a wuya, ko don muƙamuƙin ƙasa ƙarami ne ya ja baya, sai harshe da hanɗa su faɗa baya su toshe hanya.

Yadda Larurar Take

Likitoci suna lissafa tsayawar numfashi idan ta kai daƙiƙa 10 ko fiye. Ana kuma lissafa raguwar numfashi mai yawa wadda ta sa oksijin ya ragu a jini ko ta katse barci. Idan waɗannan suka faru sau 5 zuwa 14 a awa guda, larurar mai sauƙi ce. Sau 15 zuwa 29 matsakaiciya ce. Sau 30 ko fiye kuwa mai tsanani ce. A kowane karo ƙwaƙwalwa takan farkar da mutum na ɗan lokaci ƙanƙane don tsokoki su ɗaure hanya ta buɗe, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, sannan ya koma barci. Da safe ba ya tuna ko ɗaya.

Larurar iri biyu ce. Akwai ta toshewa, inda ƙirji ke ta ƙoƙarin jan iska amma hanya a rufe take. Ita ce ta fi yawa. Akwai kuma ta ƙwaƙwalwa, inda hanya a buɗe take amma ƙwaƙwalwa ta dakata da aika umarnin numfashi. Ana ganin ta ga masu gazawar zuciya, da waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki, da masu shan magungunan kashe zafi dangin ofiyom.

A shekarar 1965 ne masana a Faransa da Jamus suka fara auna wannan tsayawar numfashi ga masu barci. A 1993 wani bincike a jihar Wisconsin ta Amurka ya nuna cewa kashi 24 cikin ɗari na maza da kashi 9 cikin ɗari na mata masu shekara 30 zuwa 60 numfashinsu yana tsayawa ko raguwa aƙalla sau 5 a awa. Wani ƙiyasi na 2019 ya kai adadin masu larurar toshewa a duniya, 'yan shekara 30 zuwa 69, miliyan 936. Idan ba a magance ta ba tana da alaƙa da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga, da haɗarin mota saboda gyangyaɗi.

Me Ya Sa Wasu Ba Sa Minshari?

Minshari sauti ne da ke fita idan iska ta ratsa ƙuntatacciyar hanya ta kaɗa hanɗa da belu, kamar yadda iska ke kaɗa tuta. Ke nan sai da abu biyu ake samun sa: iska mai wucewa da nama mai kaɗawa. Idan ɗaya ya rasu, barci zai yi shiru ko da larurar tana nan.

Na farko, a larurar ƙwaƙwalwa ba a jan iska sam a lokacin tsayawar, saboda haka babu abin da zai yi ƙara. Na biyu, wanda aka yi wa tiyatar rage hanɗa da belu zai iya daina minshari alhali harshensa yana ci gaba da toshe hanya a ƙasa. An cire mai ƙara, an bar mai toshewa. Wannan ya nuna cewa cire belu da wanzamai ke yi a ƙasar Hausa ba kariya ba ne daga larurar. Na uku, akwai mutanen da ba su da ƙiba, galibi masu ƙaramin muƙamuƙi ko matsattsiyar ganɗa, waɗanda wahalar jan iska ke farkar da su tun kafin hanya ta rufe gaba ɗaya. Christian Guilleminault na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun bayyana irin wannan a 1993. Na huɗu, mai kwana shi kaɗai ba shi da mai ba shi labari.

Saboda haka akwai alamomin da ya kamata a kula da su: tashi da gajiya bayan cikakken barci, ciwon kai da safe, bushewar baki, yawan tashi fitsari da dare, farkawa a firgice kamar an shaƙe mutum, gyangyaɗi a aji ko a bakin aiki, da hawan jinin da ya ƙi jin magani. Mata sukan fi kawo kukan gajiya da rashin barci fiye da minshari. Yara kuwa sukan nuna ta da barci baki buɗe, da fitsarin kwance, da rashin natsuwa a aji.

Abin da Likitan Haƙori Ke Gani

Likitan haƙori yana duba wurin da larurar ke faruwa da idonsa. Zai iya lura da muƙamuƙin da ya ja baya, da ganɗa mai zurfi da ƙunci, da babban harshe mai shatar haƙora a gefensa, da haƙoran da suka cinye saboda cizon haƙora cikin barci. Amma shi ba ya yanke hukunci. Tabbatar da larurar sai da gwajin barci, inda na'urori ke auna numfashi da motsin ƙirji da oksijin na jini dare guda, ko a asibiti ko a gida. Wannan gwaji shi ke raba larurar toshewa da ta ƙwaƙwalwa, kuma rabewar tana da muhimmanci, domin hanyoyin likitan haƙori da za a kawo a ƙasa na larurar toshewa ne kaɗai.

Hanyoyin Magani

Maganin da ya fi ƙarfi shi ne na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan na birnin Sidni a Ostareliya ya gabatar a 1981. Tana hura iska ta hanci duk dare ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Sai dai tana buƙatar lantarki, kuma mutane da yawa ba sa jure kwana da ita. A nan ne likitan haƙori ke shigowa.

Hanya ta farko ita ce na'urar turo muƙamuƙi gaba. Tunaninta ya samo asali daga likitan baki na Faransa Pierre Robin, wanda ya ƙera irinta a 1902. Ta zamani faranti biyu ne na roba mai tauri da ake ƙerawa daidai da haƙoran mutum, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a haɗa su ta yadda muƙamuƙin ƙasa zai tsaya gaba da 'yan milimitoci. Tun da tsokar harshe tana manne da ƙashin haɓa, idan haɓa ta matso gaba harshe zai biyo ta, bangon maƙogwaro kuma ya ɗaure. Ba a turowa gaba ɗaya a rana guda. Ana ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni har a kai inda numfashi ya daidaita. A 2015 ƙungiyoyin likitocin barci da na likitocin haƙori masu aikin barci a Amurka sun fitar da ƙa'ida tare, cewa a ba da wannan na'ura ga babban da ya kasa jure CPAP ko ya fi son wata hanya, kuma a fifita wadda ƙwararre ya ƙera daidai da baki, mai yiwuwar ƙarawa da ragewa, a kan ta kanti. Ta fi amfani ga larura mai sauƙi da matsakaiciya. Ba ta kai CPAP rage tsayawar numfashi ba, amma da yake mutane sun fi juriyar kwana da ita, amfaninsu ga lafiya yakan yi kusa da juna.

Na'urar tana buƙatar isassun haƙora masu ƙarfi, da lafiyayyen dasashi, da gaɓar muƙamuƙi marar ciwo. A farkon amfani takan kawo yawan yawu ko bushewar baki da tsamin muƙamuƙi da safe. Bayan shekaru kuma takan gusar da haƙora kaɗan har haɗuwar na sama da na ƙasa ta canja. Don haka dole a riƙa komawa wurin likita yana dubawa.

Hanya ta biyu ita ce na'urar riƙe harshe, wadda Rosalind Cartwright da Charles Samelson suka ba da rahotonta a 1982. 'Yar jaka ce ta roba mai taushi da ke zama tsakanin leɓɓa, a sa kan harshe ciki ta tsotse shi ta riƙe a gaba. Ta dace da wanda ya rasa haƙora, ko da yake ba kowa ke jure ta ba.

Hanya ta uku ta yara ce. Ga yara babban dalilin toshewa shi ne kumburin naman tonsil da adinoyid, kuma cire su shi ne matakin farko. Amma ga yaron da ganɗarsa ke da ƙunci, likita zai iya ɗaura ƙarfe mai kusa a tsakiya a kan haƙoran sama, ana murɗa kusar kaɗan-kaɗan. Ƙashin ganɗa ɓari biyu ne da ba su gama haɗewa ba sai bayan balaga, don haka sukan buɗa, sabon ƙashi ya cike tsakani. Da yake rufin baki shi ne daɓen hanci, faɗaɗa ɗaya faɗaɗa ɗayan ne.

Hanya ta huɗu tiyata ce, inda likitan fiɗar muƙamuƙi ke yanka ƙashin sama da na ƙasa ya turo su gaba da kimanin milimita 10. Tana da tasiri ƙwarai, amma babban aiki ne da ake ajiyewa ga larura mai tsanani wadda sauran hanyoyi suka gaza a kanta.

Gargaɗi

Mai minshari yakan auna maganinsa da shirun ɗaki. Wannan ma'auni ne mai yaudara, domin na'ura za ta iya kashe minshari ta bar larurar. Wanda ba ya minshari tun farko kuwa ba shi da ko wannan ma'aunin. Saboda haka bayan an daidaita na'ura wajibi ne a sake gwajin barci tana baki. Har ila yau, rage ƙiba, da kwanciya a gefe maimakon rigingine, da nisantar giya da ƙwayoyin sa barci suna ƙarfafa kowane magani.

Gwaji a Aji

Malami zai iya sa ɗalibai su saki muƙamuƙi su kwaikwayi minshari ta jan iska. Sannan kowa ya turo haƙoran ƙasa gaban na sama ya sake gwadawa. Mafi yawansu za su ga sautin ya ragu ko ya ƙi fita. Wannan ita ce dabarar da masu ba da maganin sa barci a ɗakin tiyata ke amfani da ita wajen buɗe hanyar iskar majinyaci, kuma a kanta aka gina na'urar turo muƙamuƙi.

Kammalawa

Shirun mai barci ba shaidar lafiyar numfashinsa ba ne. Ɗalibin da ke gyangyaɗi kullum a darasin safe, kafin a kira shi malalaci, ya kamata a tambayi iyayensa yadda yake kwana. Direban da ido ke rufe masa a kan hanya ya nemi likita tun kafin ya ɗauki rayukan jama'a. Maganin yana nan, kuma wani sashe nasa yana hannun likitan haƙori, muddin gwaji ya gabace shi, gwaji kuma ya biyo bayansa.

Tambayoyi

1. Me ya sa maƙogwaro ke rufewa cikin barci alhali hanci ba ya rufewa?
2. Kawo dalilai 3 da za su sa mai larurar ya kasance ba ya minshari.
3. Me ya sa na'urar turo muƙamuƙi ba ta amfanar mai larurar ƙwaƙwalwa?
4. Yaya faɗaɗa ganɗa ke sauƙaƙa wa yaro numfashi ta hanci?