Yadda Ake Gane Nisan Tafiyar Jirgi Daga Kano Zuwa Riyadh

Duk wanda ya taɓa zaman jiran baƙo a filin jirgin Sarki Khalid da ke Riyadh ya san yadda lissafin awa ke rikita mutum. Ga yadda za ka yi lissafin da kanka kafin ka sayi tikiti.

Da farko, nemi lambobin filayen jirgin biyu: KAN ce ta filin Malam Aminu Kano, RUH kuma ta Riyadh. Shiga shafin Great Circle Mapper a intanet ka rubuta KAN-RUH. Zai ba ka nisan miƙaƙƙiyar hanya, kusan kilomita 4,250. Ka kula da ma'aunin da ya nuna maka, don mil ɗin matuƙa jirgi kilomita 1.852 ne, mil ɗin mota kuwa 1.609.

Na biyu, raba nisan da gudun jirgi. Babban jirgin fasinja yakan ci kilomita 850 a awa idan ya daidaita a sama, ka ga awa biyar ke nan. Ƙara rabin awa na tashi da sauka.

Sai dai jirgi ba ya bin zaren da ka miƙa a taswira. Miƙaƙƙiyar hanyar ta ratsa Chadi da Sudan, ta tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazan shekarar sai da suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. Iska ma tana da nata rabon, shi ya sa sau da yawa awoyin zuwa da na dawowa ba sa zuwa daidai.

Na uku, lissafa zango, wanda a nan ne mutane ke shan mamaki. Idan ta Jidda ka bi, Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne, Jidda zuwa Riyadh kusan 850, wato kamar ba ka kauce ba. Ta Addis Ababa kuwa, sai ka ƙara kusan kilomita 1,000. A ganina, tikitin da ya fi araha amma ya kwanar da kai a kan kujerar filin jirgi, arha ce marar riba, musamman ga mai tafiya da tsoho ko yara.

Na ƙarshe, gyara agogo. Saudiyya ta riga Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma lokacin saukar da ke kan tikiti na garin da za ka sauka ne. In ka bar Kano ƙarfe 10 na dare, bayan awa biyar da rabi agogon Riyadh na nuna 5:30 na asuba.

Ka kuma sanar da mai tarbarka da wuri, don filin jirgin Riyadh yana kimanin kilomita 35 arewa da tsakiyar birnin.